Filin Lafiyar Dabbobi: Tsohon Dokina Ya Zube, Jininsa Ya Yi Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina da ingarma kili mai shekara 21, a hannuna ya tashi tun yana duƙushi. Daga ƙarshen damina zuwa yanzu ya zube, har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ƙashin ƙugunsa duk ya fito. Yana ci, amma ba kamar da ba, kuma in yaro ya ɗan zaga da shi sai ya tsaya yana haki. Cikin idonsa ya yi fari. An ɗebi jininsa an ce PCV ɗinsa 17. Mun yi masa allurar ƙarin jini sau biyu da ta bitamin, na kuma ƙara masa dawa da gero, amma babu sauyi. Me ya kamata in yi? Kuma zai iya fita hawan Sallah mai zuwa?
— Mai karatu daga Yakasai, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma saka maka da ba ka ce tsufa ne kawai ka zuba masa ido ba. Tsufa shi kaɗai ba ya mayar da jinin doki 17.

PCV na nufin kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. A lafiyayyen doki yakan kasance tsakanin 32 da 45 cikin ɗari, to naka ya rasa kusan rabi. Akwai kuma wani abu game da doki: saifarsa rumbun jini ce, in ya firgita ko aka yi kokawa da shi wajen ɗibar jinin, sai saifar ta matso ajiyarta, awon ya nuna sama da gaskiya. In ranar an sha fama da shi kafin allura ta shiga, mai yiwuwa ainihin jininsa bai ma kai 17 ba. Saboda haka daga yau a cire masa sirdi, a daina zagayen nan. Hakin da yake yi zuciya ce ke gudu don ta kai iska ga jiki da ɗan jinin da ya rage.

Ƙarancin jini a doki alama ce, ciwon yana wani wuri. Ko dai jinin yana zuba ta wata kafa a ciki, ko wani abu yana farfasa ƙwayoyin, ko kuma ɓargo ya rage ƙera sababbi saboda wani daɗaɗɗen ciwo. Allurar ƙarin jini ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. Babban doki ba kasafai yake rasa sinadarin ƙarfe ba, domin ciyawa da harawa da ƙasar da yake lasa cike suke da shi. Kuma allurar ƙarfen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake yi wa ƙananan dabbobi, an san tana kashe doki nan take, wani tun allurar ba ta fita daga jikinsa ba. Don Allah kada a yi ta uku.

Kafin ka koma wurin likita, ka tara masa bayani na kwana uku zuwa biyar. Safe da yamma a sa ma'aunin zafi a duburarsa na minti biyu: daidai shi ne 37.5 zuwa 38.5. A rubuta a takarda, domin wasu cututtukan zazzaɓinsu zuwa yake yana komawa, awo ɗaya ba ya kama shi. Ka sa yatsu uku a gefen ƙashin muƙamuƙi ta ciki, za ka ji jijiya kamar igiya tana harbawa. Ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Doki a huce yana yin 28 zuwa 44 a minti, numfashi kuma 8 zuwa 16. Sai ka ɗaga leɓensa na sama a hasken rana, ba na fitila ba, ka dubi dasashi. Na lafiya ruwan hoda ne mai danshi. In fari ne fat kamar cikin rogo, jini ne ya ragu. In farin ya haɗu da rawaya kamar mai shawara, to ƙwayoyin ake farfasawa, ko kuma hanta ta taɓu. In akwai ɗigo-ɗigon ja kamar an yayyafa barkono a dasashin ko a cikin fatar ido, wannan ma a gaya wa likita. A tari fitsarinsa a farin kwano a ga ko ya yi duhu kamar shayi, a kuma danna ƙarƙashin cikinsa da fatar gabansa da ƙafafu a ga ko akwai kumburin da yatsa ke barin rami a kai.

Tun da kili ne kuma ya manyanta, ka ɗaga wutsiyarsa ka shafa ƙarƙashinta da kewayen dubura. Fararen dawaki in sun tsufa sukan fitar da baƙaƙen ƙulu masu tauri a nan, wani lokaci kuma irin su na girma a cikin ciki.

Abin da muka fi zargi, ganin lokacin da ramar ta fara, shi ne ciwon kaska. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne, Babesiya da Taileriya, kaska ke zuba su a jini, su shiga cikin jajayen ƙwayoyi su fasa su. Dawakin ƙasar nan da yawa suna ɗauke da su shekara da shekaru lafiya ƙalau, sai ranar da tsufa ko wahala ko yunwa ta raunana jiki su tashi. Kaskar ba lallai ka gan ta ba. Ka duba cikin kunne, gindin geza, tsakanin cinyoyi da ƙarƙashin wutsiya. Ɗanyar ciyawar da ake yankowa daga fadama da damina ita ke kawo ta har cikin barga a tsakiyar birni. Likita zai ɗigi jini daga gefen kunne ya shafa a gilashi ya duba a madubin gwaji. In ciwon ya daɗe ƙwayoyin kan yi kaɗan har ba a ganinsu, don haka in an ce ba a ga komai ba, kada a rufe maganar. A sake ɗiba ranar da zazzaɓi ya tashi, ko a aika jini inda ake gwaji mai zurfi, kamar asibitin koyarwa na likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom. A nan cikin gari kana iya farawa daga asibitin dabbobi na Gwale ko na Kundila.

Maganinsa imidokab ne, wanda aka fi sani da Imizol. Don kwantar da ciwo ana yin miligiram 2.2 a kowane kilo na nauyin doki, a tsoka, sau biyu, awa 24 tsakani. Taileriya ta fi taurin kai, kawar da ita kan buƙaci kusan ninkin wannan, sau huɗu, kwana uku-uku tsakani, kuma dokin da awon jininsa ke 17 bai kai ɗaukar wannan ba tukuna. Allurar tana sa murɗar ciki, gumi, dalalar miyau da zawo a sa'o'in farko, shi ya sa likita ke fara yin allurar sassauta hanji irin Buscopan, ya kuma zauna ya ga yadda dokin zai yi. Ba aikin ɗan barga ba ne. Jaki kuwa ya fi doki saurin mutuwa da ita.

Na biyu shi ne sammore. Mutane na ɗauka sai inda ƙudan tsando yake, amma akwai irin da bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo ke ɗaukowa daga raƙumi ko shanu su kai wa doki. Alamunsa zazzaɓi mai zuwa yana komawa, kumburin ƙarƙashin ciki, rama duk da ci, daga baya ƙafafun baya su riƙa tangaɗi. A nan ne ake yawan ɓarna da Berenil, maganin sammore da ake yi wa shanu. Ƙunshin nan mai giram 2.36 an yi shi ne don dabba mai kilo 300, a kan miligiram 3.5 a kowane kilo. Doki ba ya jure shi kamar saniya. In aka ninka, ko aka yi wa dokin da bai sha ruwa sosai ba, yana taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, wurin allurar kuma ya kumbura. A fara tabbatar da ciwon, a auna dokin, sannan likita ya zaɓi magani.

Akwai na uku da ya kamata a kawar da shakkarsa: cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa, wadda ƙwayar bairos ke kawowa. Ƙudaje masu cizo da allurar da aka yi wa dawaki biyu ke yaɗa ta, gwajin Coggins ke gano ta, kuma ba ta da magani. Kafin sakamako ya fito, a nisanta shi da sauran dawaki, kowane doki da sabuwar allurarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Alhaji. Ka tambayi yaranka duk abin da aka taɓa ba dokin nan a watanni shida da suka wuce, ka kai wa likita kwalaben. Tsofaffin dawaki masu ciwon gaɓoɓi akan daɗe ana ba su fenilbutazon ko allurar deksa (deksametazon) don su miƙe. Na farko yana cin bangon tumbi da babban hanji, jini da furotin su riƙa tsiyaya a ɓoye, yana kuma lalata ƙoda. Na biyu yana kashe garkuwar jiki, ya ba ciwon kaska hanya. In gyambon tumbi ne, ana ba da omefirazol miligiram 4 a kowane kilo, kullum da safe kafin abinci, kwana 28.

Sai tsutsar ciki. A kai ɗanyen kashinsa, dunƙule biyu a leda, a ƙirga ƙwan tsutsa. Ga doki mai rauni haka mun fi son a fara da fenbendazol, miligiram 7.5 a kowane kilo, kwana biyar a jere, bayan mako biyu a sake gwada kashin a bi da ibamektin na baki, miligiram 0.2 a kilo. Ibamektin na allura da ake yi wa shanu kada a soka wa doki, yana haddasa ruɓewar tsoka. Moksidektin ma a bar shi sai ya yi ƙiba, domin a kitse yake zama, ramammen doki kuwa ba shi da inda zai ajiye shi.

Duk waɗannan awon sun dogara ga nauyi, kuma ido na yaudara. Ka samo tef ɗin tela. Ka auna kewayen ƙirji inda majanyi ke bi, sannan tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duk da santimita. Ka ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Misali kewaye 160, tsawo 150, zai ba ka kilo 323. Dokin da ya kai haka, fenbendazol mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari zai sha mililita 24 a rana.

Yanzu baki, inda muke ganin rabin ramar take. Gobe da safe kafin a yi shara, ka tsuguna gaban kwamin abincinsa ka duba ƙasa. In ka ga curin harawa a jiƙe da miyau, a murɗe kamar an tauna an tofar, to ya gaza niƙa ta ne. Ka fasa kashinsa da tsinke: in dawa na fitowa ɗai-ɗai yadda ta shiga, kuɗinka kaji ke ci. Turamen doki, wato haƙoran niƙa, suna tsirowa kaɗan-kaɗan tsawon rayuwarsa, kimanin milimita biyu zuwa uku a shekara, taunawa na cinye su. Bayan shekara 20 ajiyar ta kusa ƙarewa. Wasu su yi girgiɗi, wasu su faɗi, wanda ke fuskantar giɓin ya yi tsawo ya hana muƙamuƙi juyawa. Gefen na sama ta wajen kumatu da gefen na ƙasa ta wajen harshe sukan yi kaifi su yanka nama. Likita zai sa ƙarfen buɗe baki ya duba da fitila, ya goge kaifin da zarto na musamman, ya cire wanda ke girgiɗi. Kada kowa ya tura hannu cikin bakin doki babu wannan ƙarfen. Wari daga baki, ko majina mai wari ta hanci ɗaya, alamar ruɓaɓɓen haƙori ce.

Ƙarin dawa da geron da ka yi, niyya ce mai kyau, amma a rage. Tumbin doki ƙarami ne, kuma in hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, wanda bai narke ba yakan wuce babban hanji ya yi tsami, ya kawo murɗar ciki, zawo, ko kumburin cikin kofato wanda ke gurgunta doki. Ga mai kilo 320, hatsi kada ya wuce rabin kilo a ci ɗaya, sau uku ko huɗu a yini, a ɓarza shi a jiƙa ko a dafa. Da zafin Kano jiƙon awa biyu ya isa, wanda ya kwana ya yi tsami a zubar. A auna da sikeli, domin kwanon dusa da kwanon dawa ba nauyi ɗaya ba ne.

Ginshiƙin abincin shi ne ganye: kusan kilo 7 a rana na busasshe, rabi harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye sosai, rabi ciyawa mai laushi. In haƙora sun gaza, a daddatsa ta ƙanana, a jiƙa da ruwan ɗumi har ta yi laushi kamar fate. Busasshen abinci a bakin da ba ya tauna yana shaƙe maƙogwaro, za ka ga abinci na dawowa ta hanci. In hakan ta faru a janye ci da sha a kira likita, kada a ɗura masa komai. Kowane damin harawa a buɗe tsakiyarsa a shinshina. Wanda ya yi furfura ko warin ruma a jefar, gubarsa hanta take ci. Dusa tana da kyau don ɗanɗano, amma kada ta wuce kilo ɗaya a rana, domin in ta yi yawa ba harawa takan zuƙe sinadarin ƙashi har fuskar doki ta kumbura.

Hanya mafi aminci ta mayar da ƙiba ita ce mai. A fara da cokali biyu na man gyaɗa ko na waken suya a cikin abinci, a riƙa ƙarawa sannu cikin mako biyu zuwa uku har kofi ɗaya, wato mililita 200 zuwa 250 a rana, a rabe. In kashi ya yi ruwa a koma baya. Ana iya ƙara giram 200 zuwa 300 na garin waken suya soyayye don gina tsoka, ɗanye bai dace ba. Amma duk wannan sai gwaji ya nuna hanta da ƙoda lafiya suke. In ɗaya ta taɓu, yawan harawa da waken suya da mai cutarwa za su yi, tsarin abincin ya zama daban. Gishiri cokali biyu a rana, ruwa kuma ya zauna gabansa dare da rana: lita 25 zuwa 30, da bazara har ninki. Da hunturu a lulluɓe shi da dare, a kuma ciyar da shi shi kaɗai don kada matasan dawaki su ture shi.

In ya kai ga daina ci na kwanaki, dokar ta sauya. Dokin da yunwa ta ci, in aka cika masa ciki lokaci guda, sinadaran jininsa kan rikice ya faɗi a kwana na uku zuwa na biyar, daidai lokacin da ake murnar ya fara ci. Irin wannan sai rabin kilo na harawa duk awa huɗu tsawon kwana uku, babu hatsi ko kaɗan, sannan a riƙa ƙarawa a hankali zuwa kwana goma.

A sake awon PCV duk kwana uku ko huɗu da farko. In bugun zuciya ya haura 60 yana tsaye, ko yana tangaɗi, ko fitsari ya yi baƙi, ko awon ya sauka ƙasa da 15, lokacin maganar ƙarin jini na gaske ya zo. Ana ɗiba daga lafiyayyen doki namiji da aka gwada, ba goɗiyar da ta taɓa haihuwa ba, lita huɗu zuwa biyar, a fara sa shi a hankali ana lura da rawar jiki. Jinin aro ba ya daɗewa, lokaci kawai yake saya wa magani.

Batun hawa kuwa, ka haƙura da shi bana. Ko an dace da ciwon yau, jini na buƙatar wata ɗaya zuwa uku kafin ya dawo, nama kuma wata uku zuwa shida. Ka tuna yadda Hawan Daushe yake: sirdi da kayan ado da mahayi, tsayuwar sa'o'i, turmutsutsu, ƙarar bindiga, ga sukuwa a ƙarshe. Doki mai zuciya ba zai ƙi ba, zai yi har ya faɗi. Ka riƙa auna kewayen ƙirjinsa kowace Juma'a kana rubutawa. In jini ya haura 30 kuma ya tsaya a nan, a fara jansa da ragama na minti goma da sassafe.

Tambaya: Likita, wani dattijo ya ce in riƙa ba goɗiyata tafarnuwa da albasa da kanwa don jini ya ƙaru kuma ƙuda su guje ta. Haka ne?
— Mai karatu daga Ɗorayi

Amsa: Malam, a bar tafarnuwa da albasa. Dukansu suna da sinadarin da ke ƙona jajayen ƙwayoyin jinin doki, in ana ba da su da yawa kullum su da kansu ke kawo ƙarancin jini. Har ɓawon albasa da ragowar kayan miya daga kasuwa kada a zuba mata. Kanwa kaɗan jefi-jefi, yadda aka gada, ba laifi, sai dai ba ta ƙara jini, ba ta maye gurbin gishiri, kuma in ta yi yawa tana sa zawo. Abincin kaji ma kada ya kusance ta, wani yana ɗauke da maganin da ke tsayar da zuciyar doki.

Tambaya: Muna da dawaki shida a barga ɗaya, kaska ta dame mu. Za mu iya yi musu wanka da maganin da muke yi wa shanu?
— Mai karatu daga Ƙofar Mata

Amsa: Sai kun karanta jikin kwalbar, Alhaji. In akwai amitiraz a ciki, kamar Taktic, kada ya taɓa doki. Yana tsayar da hanji, dokin ya yi ta layi kamar mai maye, kashi ya ƙi fita, wasu su mutu. Ku nemi mai famitirin ko saifamitirin, a gauraya daidai yadda takarda ta ce, a fara gwadawa a ɗan wuri a wuya a jira kwana ɗaya, a kuma kiyaye ido da baki da inda fata ta goge. Cikin kunne a cire kaskar da hannu, a kama ta daf da fata a ja a miƙe. Wankan doki kaɗai ba zai isa ba, domin wasu kaskokin a tsagar bango da gindin turke suke kwana. A fitar da dawakin, a kwashe shara da tsohuwar shimfiɗa a ƙone, a fesa bangon da ƙasa, a liƙe tsagogi da siminti, a sake feshin bayan mako biyu. Ɗanyar ciyawa a shanya ta a rana kafin ta shiga barga, sabon doki kuma ya yi mako uku a gefe, a duba jikinsa a gwada jininsa kafin a ɗaure shi kusa da sauran.